Yadda Aka Yanke Mini Magana a Cikin Ordinatar

Ranar wata Talata ce, cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke yamma da Gangara, wata farar mota kat-kat ta tsaya a gindin aduwar da muke zama muna cin gumba lokacin hutun hantsi. Rana ta riga ta buɗe har yashi ba ya takuwa, mu kuwa da yawanmu ba takalmi, muna ɗage ƙafa ɗaya muna sauke ɗaya muna kallon motar. Wani saurayi siriri ya fito rataye da baƙar jaka, ya gaisa da malaminmu Mushe Isufu da Faransanci, suka shige aji. Ba a jima ba Mushe ya leƙo ya kira sunana. Na zaci duka ne, domin da safen nan na makara kamar kullum, shatin tsumagiya bai ma gama kwanciya a ƙaurina ba. Amma ya ce ba duka ba ne. Baƙon nan sunansa Mushe Habu, daga Tanut yake, kuma furojen taimakon karkara da ya kafa mana famfo ne ya aiko shi ya ɗauki muryar yara don a sa a rediyo. Ni aka zaɓa, in ji Mushe Isufu, saboda bakina ba ya rawa gaban manya.

Sai na faɗi yadda muke da famfon nan kafin a gane abin da ya biyo baya. Ƙauyenmu ba shi da rijiyar kansa. Wadda muke sha tana can nesa a kwari, mu da Buzaye da Fulani muke tarayya a kanta, kuma zurfinta ya kai in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji saukarta. Raƙuma da shanu ke jan igiyar wasaki, su yi tafiya mai nisa kafin ruwan ya iso baki. Mata kuwa su jera bido, jarkokinsu na ruwa, suna jiran a shayar da dabbobi sannan layi ya zo kansu. Babanmu a lokacin yana ci-rani a Libiya, yayyena maza suna kiwon awaki, saboda haka ɗebo ruwa ya rataya a wuyanmu ni da Inna. Da an sallace asuba za mu ɗora wa jakinmu bido mu kama hanya, ƙarangiya na maƙale mana a zane, ni ina tsinkar magarya ina cika baki, Inna tana gaba tana cewa, "Ɗaga ƙafa, Ramatu, rana ba ta jiranki." In mun dawo akwai surfe, akwai shara, akwai kai wa kaji ruwa, sannan in suri allona da alli in sheƙa lekol. Shekarar da aka kafa famfo a bakin gari sai muka ga kamar an sauke mana dutse daga ka. Har lokacin carafke na samu da safe, har na fara isa aji kafin a buga ƙarfe. Ba a kai ga damina ba wani abu ya karye a cikinsa, ka taka ka taka sai iska. Muka koma kwari, allon furoje na nan tsaye kusa da famfon da fentinsa sabo fil, awaki na shan inuwarsa.

Da na shiga aji na tarar Mushe Habu ya kawar da littattafan da ke bisa teburin malam, ya buɗe wani abu mai kama da faifai biyu a haɗe, ɗaya na haske ɗaya cike da maɓallai. Ordinatar ke nan, wato kwamfuta, ranar na fara ganinsa. Ya zaro mikro na ɗaukar murya ya sa masa wata baƙar hula ta soso, ya kafa shi bisa ɗan ƙarfen da ake ɗora shi, ya jona igiyarsa a gefen ordinatar, ya rufe kunnuwansa da kaske na saurare. Sai ya ɓata fuska. Ya ce iska na shigowa, aka rufe tagogin kwano har ajin ya yi duhu ya yi zafi kamar tanda. Ya ce yana jin akuya, aka tura manyan yara suka kore ta har bayan gonar lekol. Ya ce ɗakin na amsa amo, Mushe Isufu ya aika gidansa aka ɗauko bargo aka rataya a bango bayana. Sannan ya ce kowa ya yi tsit, zai ɗauki shirun ɗakin tukuna, wai da shi zai share hayaniya daga baya. Ni dai ban taɓa jin ana ɗaukar shiru ba, amma na riƙe numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Ya zaunar da ni, ya auna taƙi guda tsakanin bakina da mikro, ya ce in faɗi sunana. Wani koren layi ya yi tsalle a gefen gilashin, da na ɗaga murya ya koma ja, ya ce in sassauta. Zafin ɗakin ya sa ni ƙishirwa, sai ya miƙo mini gorar ruwan sanyi daga jakarsa. Ban taɓa shan ruwa mai sanyi da haske irin wannan ba. Na ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Ya yi murmushi, ya nuna mini wani jan ɗigo da ya riga ya danna, ya ce in duba. Ai kuwa ga wani shuɗin abu yana tsirowa yana tafiya daga hagu zuwa dama, kamar zangarniyar hatsi a kwance, in na yi magana ya kumbura, in na yi shiru ya sirance ya zama zare. Ya ce wannan muryata ce.

Ya tambaye ni labarin famfo, ni kuwa na ba shi tun daga tushe. Na faɗi murnar da muka yi, na ce mun samu ruwa a kusa, har na daina makara lekol. Na ce amma bai daɗe ba ya mutu, kuma tun ran nan ba wanda ya zo ya duba shi. Na ce rabon da Inna ta huta tun kafin azumi, ƙafafunta duk sun tsattsage. Na faɗi yadda ƙanwata ta yi gudawa da muka sha ruwan tabki, da yadda nake shan tsumagiya saboda laifin da ba nawa ba. A nan Mushe Isufu ya yi tari ya dubi rufin kwano. Na ƙare da roƙon manya su taimaka su gyara mana, don ba mu san wajen wa za mu kai kuka ba. Da na gama, Mushe Habu ya ɗora mini kaske ya mayar da abin baya kaɗan. Na ji wata yarinya mai siririyar murya tana magana a tsakiyar kaina, na zabura, yaran da ke leƙe ta kafar taga suka fashe da dariya. Ya ce na yi ƙoƙari ƙwarai. Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na faɗa wa Inna cewa ƙasa duka za ta ji kukanmu.

Labari ya zaga gari. Matan da ke layi a rijiya suka riƙa sa mini albarka, wata ma ta bar ni na cika bidona kafin nata. Da ranar shirin ta zo, bayan la'asar, aka fito da rediyon maigari aka ɗora bisa turmi a ƙofar gidansa, maza a tabarma, mata a tsaye daga baya da goyo, mu yara a gaba. Aka yi kiɗa, wani mutum ya yi ta yabon furoje, sannan ya ce ga wata ƴar lekol daga karkarar Damargu. Sai ga muryata, tas, ba iska ba akuya: "Da aka kafa famfo mun yi murna ƙwarai. Mun samu ruwa a kusa. Na daina makara lekol. Inna ta huta. Na gode, Allah ya saka da alheri." Kiɗa ya dawo. Na tsaya ina jiran sauran, ina cewa a raina yanzu za a sako wajen da famfon ya mutu. Ba a sako ba. Aka shiga sanarwar rigakafin dabbobi. Wurin ya yi shiru irin wanda Mushe Habu ya ɗauka a aji, sannan wata tsohuwa ta ce, "Inna ta huta? Wace Innar?" Na juya na nemi idon mahaifiyata. Ta riga ta ja mayafi ta kama hanyar gida.

Har yau ban manta da makonnin da suka biyo baya ba. Na rantse, na yi kuka, na ce ba haka na faɗa ba. Amma wa zai yarda? Kowa ya ji da kunnensa, kuma muryata ce, ba ta aljani ba. A lokacin mutanenmu sun san kaset, sun san abin da ka faɗa shi yake mayar maka, ba wanda ya san ana iya ɗebe kalma daga tsakiyar magana a liƙa ta a wani wuri. Mushe Isufu, wanda yake zaune a wurin ya ji komai, sai ya ce shi ba ya shiga maganar furoje, ma'aikacin gwamnati ne. Wannan ya fi mini ciwo bisa tsumagiyarsa. Yara suka laƙa mini suna Mun-Samu-Ruwa, in za a yi gaɗa ba mai kama hannuna. A rijiya aka ce an saye ni da ruwan gora, wata ta ce in je in sha a famfona mana. Abin da ya fi muni, maigari ya aiki ƙanensa Tanut neman a gyara famfon, aka ce masa ai ƴarku da bakinta ta shaida yana aiki, a bari a duba garuruwan da ke da matsala tukuna. Inna ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Ta daina yi mini magana a hanyar kwari ne kawai, sai ƙarar bido da kofaton jaki. Wata safiya muna dawowa ta tsaya cak, ba ta waiwayo ba ta ce, "Ramatu, tsakaninki da Allah, kin ce na huta?" Na ce tsakanina da Allah ban ce ba. Ta ce, "To ranar kasuwa ki wanke ƙafarki."

Muka hau motar ƴan kasuwa, muna zaune bisa buhunan hatsi tare da tumaki, har Tanut. Inna ba ta taɓa shiga buro ba, wato ofis, a rayuwarta, amma ta yi ta tambaya daga mai shayi zuwa mai gyaran moto har aka nuna mana gidan furojen. Mai gadi ya so ya hana mu, ta zauna a bakin ƙofa ta ce a nan za ta wuni. Da ya ga da gaske take ya bar mu. Muka samu Mushe Habu a wani ƙaramin ɗaki mai fanka, kaske a wuya, ga ordinatar ɗin nan a gabansa. Ya gane ni, har da fara'arsa.

"A'a, ƴar rediyo! Inna, sannu da zuwa. Kin ji ƴarki kuwa?"

"Na ji," in ji Inna. "Shi ya kawo ni. Yarinyar nan ta ce abin da ta faɗa maka daban, abin da muka ji daban. Ɗayanku maƙaryaci ne, na zo in san wane ne."

Ya yi ƴar dariya, ya ce ba ƙarya a ciki, montaj ne kawai, wato yanka da haɗi. Kuma don ya nuna mana gwanintarsa, sai ya lalubo maganata ta asali ya kunna. Doguwar zangarniyar nan ta bayyana, muryata ta cika ɗakin, da tarin Mushe Isufu da komai. Inna tana tsaye ta saurara har ƙarshe. Da aka zo wajen tsagewar ƙafafunta sai ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafafun, sannan ta ɗora hannu a kaina. Nauyin hannun nan shi ne abu mafi daɗi da na ji a shekarar. Shi kuwa bai ma lura ba, ya ci gaba da bayani. Ya ja ɗan yatsa, wani yanki na zangarniyar ya yi duhu, ya danna maɓalli guda, yankin ya ɓace, bakin nan da bakin can suka haɗe ba ko tabo. A gaban idona ya share mutuwar famfo, ya share gudawar ƙanwata. Ya ciro "Inna ta huta" daga tsakiyar kukana. Ya ɗauko godiyar da na yi masa ta ruwan sanyi tun daga farko ya kai ta ƙarshe ya liƙa.

"Kin gani, Inna? Ban ƙara ko kalma guda ba. Duk bakinta ne. Lokacin da ake ba mu a rediyo kaɗan ne, kuma masu shirin labari mai daɗi suke so. In na kai musu kuka, ni ma aikina ya tafi."

"To mu da muke shan ruwan tabki fa?" in ji Inna. "Ka mayar da ƴata maƙaryaciya a garin ubanta don ka tsare tuwonka. Yanzu sai ka ɗauki tawa. Ni ce Innar da ka ce ta huta."

Ya dubi ƙofa, ya dubi agogo, ya ga ba za ta tafi ba. Ya ce to, ba komai, ta zauna. Ya matso da mikro, ya ɗora mata kaske bisa ɗankwali, ya ce bismilla. Inna ta gyara zama, ta yi sallama ga duk mai saurare, ta faɗi sunanta da sunan ƙauyenmu, ta shiga magana. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin wannan ba. Ta faɗi tafiyar kwari, ta faɗi cikin da ya zube wa maƙwabciyarmu a hanya. Ni kuwa idona na kan gilashin, ina son in ga kamannin muryar Inna. Ba abin da ke tsirowa. Koren layin gefe na tsalle, amma tsakiya fari fat, jan ɗigon nan ba a taɓa shi ba. Mushe Habu na gyaɗa kai yana duban wayarsa. Na ce da ƙarfi, "Inna, bai kunna ba! Ba ya ɗauka!"

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dube shi. Ya hau kame-kame, wai mantuwa ce, ya yi sauri ya danna. Na zaci za ta cire kaske ta jefa masa. Sai ta ce, "Ramatu, tsaya nan ki sa ido. In ya tsaya ki faɗa mini." Ta sake sallama, ta sake faɗin sunanta, ta maimaita komai tun daga farko, a hankali, ba ta bar ko ɗaya ba. Na ga muryarta na tafiya shuɗiya, mai kauri, ta fi tawa cika. Da ta gama ta tuɓe kaske ta ajiye, ta ce, "Ga ta nan. In ka yanke wannan ma, Allah na ganinka." Ba ta jira amsarsa ba muka fito.

Ba a taɓa sa maganar Inna a rediyo ba. Mun yi ta kasa kunne har muka gaji. Amma washegarin dawowarmu ta tsaya a bakin rijiya, gaban mata da makiyaya, ta ba da labarin abin da ta gani da idonta, tana kwatanta yankan da hannu kamar mai datsa kara. Wasu suka yarda don sun san Inna ba ta ƙarya, wasu suka ce uwa ce ke kare ƴarta. Sunan Mun-Samu-Ruwa bai bar ni ba har na gama firamare. Famfon kuwa sai bayan kaka biyu aka gyara shi, kuma ba furoje ne ya gyara ba, mutanen gari ne suka haɗa hatsi suka ɗauko makaniki daga Damagaram.

Yau ni ma abin da nake ci da shi ke nan. Ina haɗa shirye-shiryen mata a wani ƙaramin gidan rediyo, kullum ina gaban ordinatar da kaske a kunne, ina auna taƙi tsakanin baki da mikro, ina ɗaukar shirun ɗaki. Nakan yanke tari, in yanke kukan zakara, in rage dogon shiru. In magana ta yi tsawo har dole a rage, sai na kunna wa mai ita ta ji ta amince, ko da shirin zai makara, kuma shugabana ya gaji da faɗa da ni a kan haka. In na je gida yanzu nakan tarar da ƴan mata a bakin famfo riƙe da waya, in ya lalace nan take su ɗauki muryarsu su tura wa duk wanda suka ga dama, ba sa jiran wani baƙo a farar mota. Ina yi musu murna. Sai dai Inna ta rasu kafin waya ta zo hannunmu, kuma da na girma na nemi Mushe Habu, aka ce furoje ya daɗe da rufewa, ordinatar ɗin ma ya mutu an jefar. Ina da muryoyin mata barkatai a ajiye, daga Belbeji har Falanko, masu dariya da masu kuka, ba wadda ta ɓace mini. Ta Inna ce kaɗai ba ni da ita.